Tanti Ba Shi da Ƙofa

Masu tambaya a ƙarƙashin rubutuna na baya ko Mulud yana nan ko ya gudu, ku kwantar da hankalinku, yana nan. Ke kuma da kika rubuto cewa in rabu da mai aski in kama ɗan birni, na gode da shawara, amma ki karanta wannan tukuna. Yanzu haka ina gindin zaitunin bakin hanya, wurin da kaɗai waya ke kama sabis a duk faɗin ƙauyenmu Igurdan, na naɗe da bargo, sanyi yana cizon yatsuna. Idan kun ga kuskure a rubutun, ku yi wa sanyin faɗa.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Ijja, 'yar Lahusin ce ni, auta a gidanmu. Tun da girgizar ƙasa ta kwantar da ƙauyenmu a kakar da ta wuce muke zaune a tantuna, a filin da muke sussukar sha'ir. Gidajenmu na can sama a jikin dutse. Waɗanda suka rage a tsaye an shafa musu jan fenti, alamar kada kowa ya matsa kusa. Injiniyoyi sun zo sun yi aune-aunensu, suka ce gangaren nan bai gama zama ba, sabon gini sai a fili, sai kuma an ɗaure bangonsa da ɗamarar ƙarfe. Layi ake bi, namu bai zo ba tukuna. Ƙasar ma ba ta daina tuna mana ba. Mahaifiyata, Immi, ta sa cokali a cikin kofin shayi ta ɗora a kan tukunyar gas, da ya yi ƙara duk mu zuba waje a guje, alhali tantin ko ya faɗo mana a ka babu abin da zai fasa.

Ba zan yi wa Allah butulci ba, mutane sun yi mana kara. Tun ranar da aka buɗe hanya motoci suke hawowa da gari da mai da barguna, da kifin gwangwani wanda yanzu ko ƙamshinsa Immi ba ta son ji. Kayan sawa kuwa kada ku tambaya. Gwaggo Tamu, ƙanwar Baba, ta buɗe buhu ta ciro takalmi mai tsini kamar ƙusa, ta juya shi, ta tambayi matan da ke wurin ko da shi ake shuka albasa a birni. A cikin wannan buhun ne Immi ta tsinci wata kaftan, doguwar rigar mata ta biki, launin 'ya'yan ruman, da aikin zare ruwan zinari daga wuya har ƙasa, maɓallanta ƙanana a jere. Ta ninke ta a ɓoye ta tura ƙarƙashin barguna.

Mulud ma a motar agaji ya zo, daga Tarudant. Abokan tafiyarsa suna sauke buhunan gari, shi kuwa ya sauke kujerar roba da madubi da almakashi. Dariya aka yi masa. Mutanen da ba su da rufin kwana, wa ya ce maka aski ne ya dame su? Bai ji haushi ba, ya kafa kujerarsa a rana ya zauna jira. Kafin la'asar maza sun yi layi. Ashe mutum idan ya daɗe bai ga fuskarsa ba, yana kewarta. Baba ne ya zo ƙarshe, shi ma don liman ya jawo hannunsa. Tun ranar da ya binne yayansa, Dadda Mbarek, reza ba ta taɓa shi ba, gemu ya cinye masa fuska. Babu bangon da za a rataye madubi, sai aka ce in zo in riƙe. Na riƙe wa Baba madubi, amma ina tabbatar muku mai askin ba kan Baba kaɗai yake kallo ba. Ni ma dai hannuna bai gaji ba, abin mamaki.

Daga nan duk bayan 'yan kwanaki sai ga shi, wai gashin mutanen Igurdan yana saurin tsiro. Immi ta ce ruwanmu ne. Ta faɗa tana kallona.

Da abin ya yi nisa, Mulud ya bi hanyar da ta dace. Ya sami liman ya roƙe shi ya tambayar masa Baba ranar da iyayensa za su zo da dunƙulen sukari kamar yadda al'adarmu take, su nemi aurena. Ina bayan tanti ina wanke kofuna lokacin da liman ya kawo saƙon, kuma tanti ba ya riƙe magana. Baba ya saurare shi har ƙarshe. Can ya ce yaron yana da hankali, hannunsa ma yana da sanyi, ba shi da abin da zai ce a kansa. Zuciyata ta yi tsalle. Sai ya ƙara da cewa:

"Amma malam, idan sun zo me za su ƙwanƙwasa? Zif? An kawo mana gari mun karɓa, an kawo bargo mun karɓa, Allah ya saka. 'Yata kuma ba za a zo a yaye leda a tambaye ta ba. Ubanta a ƙofa aka same shi, kakanta ma haka. Duk mai son Ijja ya ƙwanƙwasa ƙofata."

Liman ya ce sabon gida zai iya ɗaukar shekara ko fiye. Baba ya ce shi ba ƙofar sabon gida yake nufi ba, tasa yake nufi. Kofin da ke hannuna ya faɗa cikin ruwa, domin na gane abin da ya ce, kuma duk Igurdan babu wanda ba zai gane ba.

Ƙofar gidanmu ba ta ƙarƙashin ɓaraguzai. Kakana ne ya sassaƙa ta da katakon al'ul, shuɗiya ce, da manyan ƙusoshi a jere, da hannun ƙarfe na ƙwanƙwasawa wanda ƙaramin yatsansa ya karye tun kafin a haife ni. Da gari ya waye bayan girgizar, maza suka ciccire ƙofofi don ɗaukar waɗanda suka ji rauni, saboda babu wani abin ɗauka. A kan tamu aka ɗora Dadda Mbarek. Baba da maƙwabta suka gangara da shi har inda duwatsu suka toshe hanya, inda mutanen ƙauyuka da yawa suka taru suna jiran mota. Motar ba ta iso ba ya cika. Baba ya dawo da yayansa a kan alfadari, naɗe da bargo, ƙofar kuma ya bar ta can. Da aka koma nema ba a same ta ba. Makullinta kaɗai ya rage, babba, Baba ya zura masa igiya ya rataya a wuya, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Washegari muna cuɗa kwaɓin burodi, Immi ta ce in daina ganin laifin ubana. Ta ce ba Mulud yake ƙi ba, murna ce bai san yadda zai yi ta ba alhali yayansa yana ƙasa, shi ya sa ya nemi abin da ya san ba za a samu ba. Na fahimta, wallahi na fahimta, amma fahimtar ba ta hana ni kuka a kan kwaɓin ba.

Gwaggo Tamu kuwa hanya ta samu. Ɗanta, Si Tayyib, yana Kasablanka yana aiki a kamfanin siminti, kuma tun ina goyo take cewa ni tasa ce. Kullum da safe sai ta shigo tantinmu da butar shayinta, ta zauna a kan katifata, ta fara lissafa min gidansa: ruwan zafi daga bango, kujeru masu laushi, ƙofar ƙarfe mai ƙararrawa da ke kukan tsuntsu. Ta ce can za a kai ni, a nemi aurena a falo kamar 'yar mutane, ƙofa kuwa har sai na zaɓi wadda za a ƙwanƙwasa. Na tambaye ta gidan a ƙasa yake? Ta ce a'a, can saman bene, har teku ana hangowa.

"Gwaggo, ni da cokali ke kora waje, ni ce zan kwana da mutane a samana, mutane a ƙasana?"

"Ke dai ki ce mai aski ya aske miki hankali. Me gare shi? Almakashi da kujerar roba."

"Da madubi," na ce. Ta jefe ni da silifa, ba ta same ni ba.

Babu wanda ya ce dole, kada ku yi wa iyayena mummunar fahimta. Amma sanyi ya shigo da ƙarfi, ruwa yana bi ta ƙarƙashin tanti, tari ya kama ni, Baba kuma duk lokacin da na yi tari sai ya sunkuyar da kai. Na san idan Gwaggo ta ci gaba da tura, wata rana zai ce in je in huta a birni, kuma wadda ta je hutu gidan Gwaggo ba ta dawowa ba zobe.

Na hau gindin zaituni na rubuta wa Mulud komai, labarin Dadda Mbarek da makulli da abin da Immi ta ce. Na rufe da cewa ya yi haƙuri, idan kuma ya ga jiran ya fi ƙarfinsa ba zan riƙe shi a zuciya ba. Ƙarya nake, da na riƙe shi har kabari. Ina jiran doguwar amsa mai sanyaya rai, sai ga abin da ya shigo:

"Wane launi ce?"

Na ce me?

"Ƙofar. Wane launi ce, kuma tsawonta ya kai ni?"

Kun san aikinsa yawo ne. Duk ƙauyen da motar agaji ta shiga yana ciki da kujerarsa, kuma namiji idan reza tana wuyansa babu tambayar da ba ya amsawa. Daga ranar ya ƙara tambaya ɗaya a kan aikinsa: malam, ko ka ga wata shuɗiyar ƙofa da ba a san mai ita ba? Ashe ƙofofin da suka yi yawo a ranar nan suna da yawa. Hotuna suka fara shigo min. Ta farko an ɗora ta a kan magudanar ruwa ana bi ta kanta. "Ita ce?" Na ce wannan koriya ce, ko idonka ma aski yake buƙata? Ta biyu ta zama teburin malami a tantin makaranta. Wata an tare awaki da ita, akuya har ta leƙo cikin hoton. Na rubuta masa cewa ba ita ba ce, amma ka gaishe min da budurwarka. Ya ce ta fi ni saurin amsa saƙo. Akwai wadda ya turo an rufe makewayi da ita, na ce idan ma ita ce ka bar musu, na yafe auren.

Dariya nake yi a gindin zaituni, in sauko in tarar da Gwaggo tana auna ƙuguna da ido. Itatuwan almond sun fara fure a gangare, fari da ruwan hoda a tsakanin gidajen da suka rushe, Mulud kuma ya gaya min ƙungiyarsu ta agaji ta kusa tattara kayanta, saura ƙauyuka kaɗan. Hotunan suka fara raguwa. Sannan Gwaggo ta sanar a gaban kowa cewa Si Tayyib zai zo ranar Juma'a da mota, za ta je ganin likitan gwiwa, kuma Ijja za ta raka ta. Ta kalli Baba. Baba ya kalli makullinsa, bai ce a'a ba.

Ranar Laraba da hantsi na hau zaituni jikina a mace. Saƙo ɗaya ne, hoto, babu ko kalma. Cikin wani tanti ne. An jingine ƙofa a tsaye, an lulluɓe samanta da farin mayafi kamar amarya, amma daga ƙasa shuɗin yana nan, ƙusoshin suna nan. Na buɗa hoton da yatsu biyu har sai da hannun ƙarfen ya cika fuskar wayar. Babu ƙaramin yatsa.

Na rubuta "ITA CE" da manyan baƙaƙe. Ya ce a Tazult take, can ƙetaren kwari. Ya ƙara da cewa akwai matsala, tsohuwar gidan ta ce ko da zai aske duk zuriyarta kyauta har tashin kiyama ba za ta ba shi ba. Na ce don me? Ina ganin alamar yana rubutu, wayar ta mutu. Gajimare ya rufe rana kwana biyu, farantin sola da aka ba mu bai tara komai ba. Na zagaya tantuna da waya a hannu kamar mai neman gishiri, kowa tasa a mace.

Juma'a ta zo. Tun da safe Gwaggo ta sa Immi ta fito da kaftan ɗin nan, wai ba za a kai ni birni da rigar sanyin maza ba. Na sa. Gaskiya ta zauna min kamar don ni aka ɗinka, sai dai tsawo, Immi ta ɗaure min ƙugu da ɗamararta ta azurfa wadda aka tono daga ƙarƙashin ɗakinta, ta zizara min kwalli, ta ɗaura min ɗankwali mai tuntaye. A ƙafa kuwa takalmin roba na ruwan sama, domin filin duk laka ne. Immi tana gyara min wuyan riga tana kauce wa idona.

Si Tayyib ya iso kafin azahar. Zan faɗi gaskiya ko da masu goyon bayan Mulud za su ji haushi: mutumin kirki ne. Ya kawo wa Baba na'urar ɗumama ɗaki da maganin tari, ya sumbaci kan Immi, ni kuma ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Da gani shi ma turo shi aka yi. Aka sauko daga masallacin tanti, aka ajiye babban akushin kuskus da kabewa a kan tabarma a waje, jakata tana bakin tanti a ɗaure. Ina zaune cikin mata ina juya loma ɗaya a hannu.

Sai muka ji ganga daga hanyar kwari. Ba kiɗan biki ba ne sosai, a hankali ake bugawa. Kowa ya ɗaga kai. Mutane ne suke hawowa a jere, maza a gaba, mata a baya da fararen mayafai, kuma mazan gaba suna ɗauke da abu a kafaɗa, a kwance. Tun daga nesa shuɗin ya nuna. Na kalli Baba. Ya miƙe tsaye, jini ya bar fuskarsa, domin haka ya ɗauke ta ranar da ya rabu da ita. Tsoro ya kama ni. Na ce a raina Mulud, ka kashe mu, ka tono wa bawan Allah ciwonsa a gaban jama'a.

Suka iso suka yi sallama, suka sauke ƙofar a kan duwatsu a tsakiyar fili. Wata 'yar tsohuwa mai zanen shuni a haɓa ta fito gaba tana dogara sanda, ta ce sunanta Ittu, daga Tazult, kuma tana neman mai ƙofar nan. Babu wanda ya nuna Baba. Ita ce ta dube shi, ta dubi makullin wuyansa, ta gyaɗa kai ta ce ta gane shi, ba ta manta fuskarsa ba.

Ta ba da labarin a tsaye. Ta ce a safiyar nan su ma suna wurin da hanya ta toshe. Surukarta Hniya naƙuda ta kama ta tun girgizar, suka gangaro da ita a cikin bargo, babu mota, babu inda za a kwantar da ita sai tsakuwa. Kusa da su wani mutum yana durƙushe gaban wata ƙofa, yana riƙe da hannun wanda ke kwance a kai, yana kiran sunansa, yana sake kira. Da ya tafi da mamacinsa, suka kwantar da Hniya a kan ƙofar, mata suka kewaye ta da mayafai, a nan ta sauka. Ba su san mutumin ba, ba su san ƙauyensa ba, sunan da yake kira kaɗai ya zauna musu a kunne. Shi ya sa suka tafi da ƙofar, kuma shi ya sa da mai aski ya zo ta ce ba za ta ba ɗan aike ba, sai ta kawo da ƙafarta.

Ta juya ta yi alama. Wata matashiya, Hniya ke nan, ta kwance goyo, ta zaunar da yaro a tsakiyar ƙofar, ƙato mai kumatu, da hular ulu ja. Tsohuwar ta kalli Baba ta ce:

"Ɗan'uwana, ranar nan mun ji kana kiran Mbarek bai amsa maka ba. Sunan muka sa wa yaron nan, ga shi mun kawo maka. Kira shi."

Ban san yadda zan rubuta muku wannan wurin ba. Baba ya durƙusa a cikin laka da fararen kayansa na Juma'a. Bakinsa ya motsa, murya ba ta fito ba. Ya sake gwadawa. "Mbarek," ya ce, a hankali. Yaron ya juyo, ya ƙura masa ido, ya miƙa hannu ya cafke makullin da ke lilo a wuyansa ya kai baki. Baba ya yi wani sauti da ban san ko kuka ba ne ko dariya, ya ɗauke shi ya rungume. Daga baya dai dariyar ce ta yi nasara, irin tasa ta da, mai girgiza kafaɗa, wadda ban ji ba tun kaka. Immi ta rufe fuska da mayafi. Kwallin da aka sa min ya gangaro har haɓa.

Gwaggo Tamu ta fi kowa kuka, domin ita ma yayanta ne. Ta karɓi yaron ta shinshina kansa, ta yi ta kiransa Dadda, yadda take kiran yayan nata. Da ta gama ta share hanci, ta dubi mazan da suka fara jan ƙofar zuwa gefe, ta daka musu tsawa. Wa ya ce a jingine ta? Ƙofar ubanta ba a jingine ta, kafa ta ake yi, kuma gabas take kallo tun da aka yi ta. Ta juya kan ɗanta.

"Kai kuma Tayyib, ka tsaya kana kallo da takalmi mai sheƙi. Ba a kamfanin siminti kake ba? Cire kwat ɗin nan ka haƙa rami."

Wallahi ya cire, kuma na ga sauƙi a fuskarsa. Aka kawo ginshiƙai biyu daga katakon da aka tsamo a ɓaraguzai, aka haƙa, aka cusa duwatsu, mutanen Tazult da namu suna ta gardamar wane gefe ya karkace. Aka ɗaure igiyar tantinmu ɗaya a jikin ginshiƙi don ya ƙara ƙarfi. Mata suka ƙaro kuskus, aka buɗe har kifin gwangwanin da Immi ta rantse ba za ta sake taɓawa ba. Kafin la'asar ga ƙofar gidanmu tsaye a gaban tanti, ita kaɗai, babu bango a damanta, babu a hagunta.

Duk wannan abin ban ga Mulud ba. Na duba cikin masu ɗauka, na duba cikin masu haƙa, babu shi. Wata 'yar Tazult ce ta raɗa min cewa yana can ƙasa a bakin hanya tun safe, a cikin mota, shi da iyayensa, ya ce ba zai hawo ba sai ya ga ƙofa a tsaye.

Baba ya zura makulli ya ƙi juyawa. Immi ta kawo man zaitun a cokali aka ɗiga, ya sake gwadawa, ya juya da wannan ƙarar da na sani tun ina rarrafe. Ya buɗe, ya tsaya a gefe ya ce da Immi ta shiga, ya ce da ni in shiga. Gwaggo ba a ce da ita ba, amma ta shigo da jakata a hannu, ta jefa ta kan katifa. Baba ya shigo ƙarshe, ya rufe, ya murɗa makulli. Muna tsaye a ɗan tsakanin ƙofa da tanti, jama'ar ƙauye biyu suna kallonmu ta dama da hagu, mu ma muna kallonsu, kowa ya daure fuska kamar akwai bango.

Ta gefen ginshiƙi na hango su suna hawowa. Mahaifinsa a gaba da farar jallabiya, mahaifiyarsa da tiren dabino a ka, Mulud a baya rungume da dunƙulen sukari a cikin shuɗiyar takarda. Mai askin da ya gyara kan duk mazan kwarin nan, nasa gashin a hargitse yake. Filin a buɗe yake ta ko'ina, ɗan taku kaɗan zai kawo su inda muke, amma babu wanda ya zagaya. Suka tsaya a gaban ƙofa. Mulud ya kama hannun ƙarfen nan mai yatsu huɗu ya buga.

Bugun ya bi igiya ya girgiza tanti, cokalin Immi ya yi ƙara a cikin kofi. Tun da muka sauka a filin nan, ranar ce ta farko da ya yi ƙara babu wanda ya gudu.

Baba ya gyara tsayuwa, ya gyara murya.

"Wane ne?"

"Baƙin Allah ne," mahaifin Mulud ya amsa. "Alheri ya kawo mu."

Baba ya juyo ya dube ni. Sai ya cire igiyar daga wuyansa, karo na farko tun ranar nan, ya kamo hannuna ya sa min makullin a tafi. Da ɗuminsa, da yawun Mbarek a jiki.

"Ni na samu abin da na ce a kawo min," ya ce. "Saura ke. In kin ga dama ki buɗe."

Kuna tsammani na yi rawar jiki? Bayan duk kukan da na sha a kan kwaɓin burodi, da kwana biyun da ya bar ni da matacciyar waya? Na riƙe makullina, na goge kwallin da ya ɓata min fuska, na gyara ɗamara. Gwaggo ta mintsine ni a baya tana cewa ke 'yar nan, mutane suna jira. Na matsa kusa da katakon, inda na san zai ji ni shi kaɗai, na ce:

"Mai aski, ban ji ba. Sake bugawa."